Hannayen Baba: Tarihin Maganar Hannu Daga Wani Gida a Miri



Duk lokacin da muka haɗu wajen biki ko suna, mu da iyayenmu suka ƙetaro iyaka suka zauna a Najeriya, hirarmu ba ta wuce yadda Hausar gida ke ɓacewa a bakin 'ya'yanmu. Babu sauran mai cewa "mi" sai "me", babu mai cewa "tahi" sai "tafi". Ni ma abin yana damuna, amma akwai wani harshe da ɓacewarsa ta fi ci mini rai, wato harshen da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya rene mu da shi a Miri, nan kan hanyar Jos. Baba kurma ne, kuma bebe. Ban taɓa jin ya kira sunana ba, amma ban san mutumin da ya kai shi yawan hira ba. Yau ina so in ba mai karatu tarihin wannan harshe, gwargwadon yadda ya ratsa ta gidanmu.

Daga ƙauye zuwa Kano

An haifi Baba a wani ƙauye a ƙasar Maraɗi, kuma da jinsa aka haife shi. Yana ɗan shekara huɗu ko biyar sanƙarau ya shigo garinsu da bazara, ya kwashe yara da dama. Shi ya tashi, amma kunnuwansa ba su tashi ba, 'yan kalmomin da ya fara iyawa kuma suka bi iska. Wannan ba baƙon labari ba ne a ƙasarmu. Ƙasar Hausa tana tsakiyar yankin da likitoci ke kira zirin sanƙarau, wanda ya tashi daga Senigal har Habasha, inda cutar ke ɓarkewa lokacin zafi da ƙura. Tana kumbura rufin ƙwaƙwalwa, tana kuma lalata can cikin kunne, shi ya sa da yawa cikin waɗanda suka tsira ke rasa ji. A annobar 1996 kaɗai, fiye da mutum 100,000 ne suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu. Sai a 2010 aka fara allurar rigakafin MenAfriVac a Nijar, a 2011 ta iso Najeriya.

A ƙauye, Baba da ƙanwarsa suka ƙirƙiro 'yan alamu na ci da sha da noma da kiwo, iyakar abin da gida ke buƙata. Da farin 1973 zuwa 1974 ya cinye dabbobinsu, sai ya biyo kawunsa cin rani, suka shigo ta Jibiya, suka wuce Katsina, suka yada zango a Kano. Ya sha ba mu labarin ranar da ya fara ganin wasu bebaye zaune a gindin bishiya kusa da kasuwa, hannayensu na ta kai da kawowa, suna ƙyaƙyata dariya. Ya ce tsayawa ya yi baki buɗe, don bai taɓa sanin akwai irinsa da yawa haka ba, balle a ce suna da harshen da ake musu da zolaya da labarin duniya a cikinsa. Shekara guda ya yi a cikinsu yana dako, kuma a nan ya koyi abin da ake kira maganar hannu, ko maganar bebaye.

Wannan harshe ba a makaranta aka haife shi ba. Daga bebe zuwa bebe yake tafiya, manya suna koya wa yara, a kasuwa da dandali da bakin masallaci. Kuma kamar yadda makafi ke da sarkinsu, kutare ke da nasu, haka bebayen Kano ke da Sarkin Bebaye. Wata Bajamushiya masaniyar harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da bebayen Kano a shekarun 1990, ta kuma wallafa littafi mai suna Maganar Hannu a shekarar 2000, inda ta nuna cewa cikakken harshe ne mai tsari da ƙa'idojinsa, ba kwaikwayon Hausar baka ba. Ta kuma lura da abin da mu muka tashi muka tarar ba mu ɗauke shi komai ba: masu ji da yawa a ƙasar Hausa sun iya taɓa maganar hannu, ba sa kuma jin kunyar yin ta a bainar jama'a.

Don mai karatu ya gane girman wannan, a 1880 malaman kurame na Turai sun yi taro a birnin Milan na Italiya, suka yanke shawarar a daina koyar da kurame da hannu, sai dai a tilasta musu karanta leɓe da furta sauti. Shekaru da dama ana hana yara motsa hannu a aji. Sai a 1960 wani malami a Amurka, William Stokoe, ya fito da hujjar cewa maganar hannun kuramen ƙasarsu harshe ne. A wajenmu kuwa, malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa isharar bebe, in dai ana fahimtarta, tana tsayawa a matsayin furuci a ciniki da aure da saki.

Zama a Miri

Da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi a watan Fabrairun 1976, gari ya cika da gine-gine, aka yi ta neman leburori. Baba ya biyo ayari ya zo, ya yi aikin kwaɓa siminti har ya tara abin sayen famfo da sifana da gwangwanin sholisho, ya kafa rumfar gyaran keke a Miri. A lokacin Miri ƙauye ne, gonaki ne tsakaninsa da birni, masu kawo itace da gawayi da kayan miya duk a keke suke wucewa. Da ya ɗan samu, sai ya koma gida aka ɗaura masa aure da Inna, 'yar ƙauyensu, mai ji da magana.

A nan wani abin mamaki ya bayyana. Inna ce ta sha wahalar baƙunta, ba Baba ba. Da ta buɗe baki a wajen niƙa sai mata su fara dariya, ita ma in ta dawo gida ta yi ta mitar cewa mutanen Bauchi ba su bambanta mace da namiji a zance. Baba kuwa hannunsa ba shi da karin harshe. Mai keke ya zo, ya nuna taya, Baba ya tsoma tif a ruwa, ya nuna masa inda kumfa ke fita, ya ɗaga yatsu, ciniki ya faɗa. A watan Janairun 1983, da gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takarda wa'adin barin ƙasa, mutanenmu da yawa sun tattara sun koma, wasu kuma suka rage fita don kada harshe ya tona su. Inna ta yi makonni ba ta leƙa waje ba. Baba ko kwana ɗaya bai rufe rumfa ba. Duk wanda ya tambayi maƙwabta daga ina yake, amsa ɗaya ce: "Ai beben Miri ne."

A cikin gida, kowannenmu yana da alamar sunansa. Inna, taɓa ɗan kunne. Yayata, jan kunci, saboda kumatunta. Ni kuwa, taɓa haƙoran gaba, don ina da wushirya. In yana son kiranmu daga nesa sai ya tafa hannu sau biyu, mu kuma in muna son kiransa sai mu jefa ɗan tsakuwa a gabansa, ko mu buga ƙafa a ƙasa, da dare kuma a haska masa tocila a bango. Tun kafin mu iya magana muka iya hannu. Kuma duk wanda ya zaci za a yi wa kurma wayo a gida, bai zauna da kurma ba. Mun sha yin ƙus-ƙus a bayansa muna shirin zuwa rafi, ya juyo ya karanta komai a fuskokinmu. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, a gidanmu kuwa haka abin yake kullum.

Tattabaru, dara da ƙwallo

Bayan keke, ba abin da Baba ke so kamar tattabaru. Ya jera musu tukwane da tsofaffin garewani a jikin katanga, ya san kowace da mijinta. Masu kiwon tattabaru da fito suke kiran nasu, shi kuwa tsumma ja ya ɗaura a kan gora, da ya kaɗa shi sai ka ga sun sauko. Matsalar ita ce muzuru. Mu muna jin fuffukar tsuntsaye da dare mu farka, shi yana ta barci. Bayan an cinye masa guda shida a mako ɗaya, sai ya ɗaura zare daga ƙofar akurkin zuwa babban yatsan ƙafarsa. Daren farko Inna ce ta fita kama ruwa ta yi tuntuɓe da zaren, Baba ya zabura da sanda yana neman muzuru. Har ta tsufa, in ya ɓata mata rai, alamar zare a yatsa take yi masa, su duka su fashe da dariya.

Da la'asar yakan zauna wajen 'yan dara a gindin dalbejiya. Sun ce yana da wuyar ci, domin surutu da zolayar da ake rikita abokin wasa da su ba sa isa gare shi. Yana kuma son finafinan Indiya. Na taɓa tambayarsa me yake ganewa tunda ba ya jin abin da suke faɗa, sai ya nuna mini sauran 'yan kallo, ya tambaye ni, su ɗin Indiyanci suke ji? Kuma gaskiyarsa. Ƙwallo kuwa, masoyin Wikki Tourists ne na gani-kashe-ni. Yakan ɗauke ni a keke mu tafi filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya zauna kusa da masu ganga, domin yana jin bugunta a ƙirjinsa. Shekarar 1998 da Wikki ta ci kofin ƙalubale na ƙasa, kwana biyu yana yi wa mutane faci kyauta.

Akwai kuma ɓarnar da ba a rasa ba. Ya taɓa saya wa Inna rediyo, mai shago ya gwada masa bai kashe ba, Baba ya ɗaure ta a bayan keke, ya biya gidan rasuwa yin ta'aziyya, kiɗan kalangu na tashi a bayansa, shi kuwa ya sunkuyar da kai cikin alhini. A masallaci kuma, kullum a tsakiyar sahu yake tsayawa, kafaɗa da kafaɗa, don ya ji motsin na kusa da shi. Ranar da ya makara ya tsaya shi kaɗai a ƙarshe, sai da aka yi sallama aka tarar da shi yana nan a sujada.

Inda dariya ta ƙare

Ba duk tsautsayin ba ne na dariya, kuma idan mai karatu ya lura, duk masu haɗarin hanya ɗaya suka biyo: labari ne da aka ba da shi ta kunne kawai.

A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki, ta canja launin takardun Naira, ta ba jama'a abin da bai wuce mako biyu ba su kai tsofaffin kuɗi banki. A rediyo aka yi sanarwa. Kowa ya zaci wani ya gaya wa Baba. Shi kuwa yana da gwangwani binne a ƙarƙashin gado, tarin shekaru, da nufin sayen fili, ko Inna ba ta san da shi ba. Saura kwana biyu wa'adi ya cika ya ga wani mai keke ya miƙo masa Naira mai baƙon launi, ya ƙi karɓa, yana zaton jabu ce. Nan aka yi masa bayani. Ya kwana a layin banki, ya samu ya canja wani kaso, ragowar ta zama takarda. Filin da bai saya ba ke nan sai bayan shekara bakwai.

Na biyu ya faru ne a rikicin Afrilun 1991, lokacin da tashin hankalin da ya faro daga Tafawa Ɓalewa ya iso cikin Bauchi, aka sa dokar hana fita. Baba ya tafi gona tun safe, bai san abin da ake ciki ba. Da magariba yana dawowa a keke, jami'an tsaro suka daka masa tsawa ya tsaya, ya ci gaba da tuƙi abinsa. Wani mai shayi da ke leƙe ta kafar ƙofa ne ya yi ta maza ya fito da gudu yana ihu, "Bebe ne! Wallahi bebe ne, ba ya ji!" Inna ta ce da ba don Allah ya kawo wannan bawan nasa ba, da marayu muka tashi. Tun daga ranar maƙwabta suka ɗaura wa kansu cewa duk labarin da aka ji a rediyo, sai an tura yaro rumfar Baba.

Na uku ni ya faɗa wa. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya na raka shi wani asibiti, domin babu mai fassara sai ni. Likita yana sauri, yana faɗin kalmomin da ban sani ba, ni kuma kunya ta hana ni cewa ban gane ba. Maganin da aka ce a sha sau ɗaya na ce masa sau uku. Kwana biyu ya yi a kwance yana jiri. Bai taɓa yi mini faɗa a kan haka ba, amma har yau ina ganin bai kamata a ɗora wa yaro irin wannan kaya ba.

Maganar makaranta

A daidai lokacin da Baba ke faci a Miri, wani harshen hannu na daban yana shigowa Arewa ta ƙofar makaranta. Tushensa wani baƙar fatar Amurka ne, Andrew Foster, wanda shi ma sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Ya kammala karatu a Gallaudet, jami'ar kurame da ke Washington, a 1954, ya buɗe makarantar kurame a Ankara ta Gana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960. Kafin ya rasu a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantu fiye da 30 a Afirka. Da maganar hannun Amurka ya koyar, ɗalibansa kuma suka yaɗa ta. A 1977 aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano, nan Bauchi ma muna da makarantar masu buƙata ta musamman a Yalwa.

Babu mai musun alherin waɗannan makarantu. Yaran da suka shiga sun iya karatu da rubutu, wasu sun kai jami'a, abin da Baba bai samu ba. Amma harshen da suke fitowa da shi jingine yake da Turanci, har da harrufa da yatsu, kuma wasunsu sun tashi suna kallon maganar dattawa a matsayin ta ƙauye. Ba na manta ranar da wani ɗalibi kurma ya kawo kekensa gyara, yana so ya ce na mahaifiyarsa ne kuɗin. A maganar makaranta, alamar uwa ita ce a ware yatsu biyar a ɗora babban yatsa a haɓa. Baba na ganin yatsu biyar a ware ya miƙe tsaye, ya zaci daƙuwa yaron ya yi masa. Da ƙyar na raba su. Daga baya suka shaƙu, yaron ya riƙa zuwa kowace Juma'a, yana koya wa Baba rubuta sunansa, Baba na koya masa maganar Kano.

Wayar salula da ta shigo a 2001 ta yi wa kurame 'yan makaranta rana, don suna aika saƙon tes. Baba kuwa ba ta tsinana masa komai ba, sai da kiran bidiyo ya zo a WhatsApp a ƙarshen 2016. Wata rana muka haɗa shi da ƙanwarsa da ke can ƙauye, wadda rabonsu da ganin juna ya fi shekara ashirin. Ina zaune ina kallo, sai na ga sun koma wasu alamu da ban taɓa gani ba, ashe na yarintarsu ne, tun na kafin Kano. Sa'a guda suna yi, tsohuwa na kuka tana dariya. Ni da nake taƙama na iya harshen ubana, ko rabi ban gane ba.

A watan Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci a Najeriya, a 2020 kuma aka kafa hukumar kula da su ta ƙasa. Baba ya rasu da azumin shekarar da aka sa hannu kan dokar. Yanzu akan ga mai fassara a gefen allon talabijin a wasu shirye-shirye, abin farin ciki ne, sai dai da maganar makaranta yake yi. Da Baba na raye, da sai na sake fassara masa.

Abin da ya rage mana

Ranar jana'izarsa bebaye sun zo daga Wunti da Muda Lawal da Yalwa, suka tsaya gefe guda suna yi wa juna ta'aziyya da hannu. Na duba 'ya'yana, jikokinsa, na ga babu wanda ya iya fiye da alamar gaisuwa da ta abinci. Laifina ne, ba na kowa ba. Na zaci harshen zai zauna a gidan kamar yadda katanga ke zaune.

Don haka ina roƙon 'yan uwa abu uku. Wanda ke da dattijo kurma a gida ko a unguwa, ya nemi izininsa ya ɗauke shi a bidiyo yana ba da labarin garinsu da tafiyarsa da sana'arsa, wayar da ke aljihunka ta isa. Wanda Allah ya ba ɗa kurma, ya kai shi makaranta, amma kada ya raba shi da dattawan bebaye, kuma shi kansa uban ya koyi hannu, kada ya bar wa uwa ita kaɗai. Sannan duk sanarwar da ka ji, ta rigakafi ce ko ta canjin kuɗi ko ta hana fita, ka tuna da maƙwabcin da bai ji ba, ka taka ka gaya masa.

Tattabarun suna nan, ƙanena ke kula da su, kuma har yanzu da jan tsumman nan ake kiransu. Allah ya jiƙan Baba da dukkan iyayenmu da suka riga mu, ya sa Aljanna ce makomarsu, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.